Masu ƙuri'ar Canji ta 1993 ba su yi kuskure ba

Tun da sojoji suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, sa'an nan aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, wata magana ta samu kasuwa a rumfunan ƴan tireda, da fadodin shan shayi, da ma'aikatun gwamnati: wai zaɓe bai taɓa amfanin Nijar da komi ba, wai tun ranar da aka buɗe kamfe na farko a 1993 aka buɗe ƙofar wahala. Da yawan masu faɗin haka ba a haife su ba a lokacin, waɗansu kuwa suna nan da ransu da wayonsu, har sun sa hular jam'iyya sun yi rawa a gaban motar ɗan takara, amma yau sun ga ya fi sauƙi su manta. Maganar tana da daɗin ji ga wanda ya gaji da ƴan siyasa, sai dai ba gaskiya ba ce. Mutanen da suka jefa ƙuri'ar Canji ranar 27 ga Maris 1993 sun yi daidai. Laifin abin da ya biyo baya yana wuyan waɗansu shugabanni da ake iya kiran sunansu, bisa wani ciniki da suka ƙulla tsakaninsu ba da sanin mai ƙuri'a ba.

Kafin a yi wa wannan zaɓe hukunci, ya kamata a tuna daga inda aka fito. Tun samun mulkin kai a 1960, ɗan Nijar bai taɓa ganin ƴan takara biyu a gabansa ba. Zamanin Diori Hamani jam'iyya guda ce, PPN-RDA, domin an hana Sawaba ta Jibo Bakari tun 1959. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seini Kunce ya kifar da Diori, ya yi mulki ba jam'iyya ba majalisa har rasuwarsa a watan Nuwamba na 1987. Ali Saibu da ya gaje shi ya kafa MNSD a 1989, ya tsaya takara shi kaɗai a watan Disamba na wannan shekara, aka ce ya samu sama da kashi 99 cikin 100. Sai da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, sai da ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka tsaida ƙasa cik, kana aka yarda da jam'iyyu da yawa. Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 bisa jagorancin Farfesa Andre Salifu, ya danƙa wa Amadu Shefu gwamnatin riƙon ƙwarya, kuma ranar 26 ga Disamba 1992 jama'a suka amince da sabon tsarin mulki. Shekara 33 ke nan ba a tambayi talaka wanda yake so ba.

Ƴan takara takwas ne suka fito, amma huɗu ne suka cika fage. Kanal Tanja Mamadu na MNSD-Nasara yana cikin sojojin 1974, ya riƙe jihar Maraɗi da ta Tawa, ya yi ministan cikin gida, kuma babu wanda ke musun cewa mutum ne mai tsare gida, wanda ya san ƙauye da rijiya da rumbun tsimi. Mahaman Usman na CDS-Rahama, haifaffen Damagaram a 1950, masanin lissafi da tattalin arziki ne, shi ne ya zo da kirarin Canji. Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya, injiniyan ma'adinai daga Dandaji ta ƙasar Adar, yana da malaman makaranta da matasan ma'aikata a bayansa. Na huɗu shi ne Mumuni Adamu Jarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya, ɗan gidan sarautar Doso, shi ma tsohon hafsan soja, wanda ya bar MNSD bayan Tanja ya kada shi a takarar shugabancin jam'iyyar a 1991. Tsoho Jibo Bakari ma ya tsaya, ko da yake zamani ya riga ya wuce da magoya bayansa.

An fara da zaɓen ƴan majalisa ranar 14 ga Fabrairu 1993. Cikin kujeru 83, MNSD ta samu 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11. Ganin haka sai jam'iyyun da ke adawa da tsohuwar jam'iyyar gwamnati suka haɗu cikin ƙawancen AFC, wato taron masu neman canji, suka tara kujeru 50. Ranar 27 ga Fabrairu aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa: Tanja ya zo na ɗaya da kashi 34,22 cikin 100, Usman na biye da 26,59, Isufu 15,92, Jarmakwai 15,24. Bayan wata guda aka koma zagaye na biyu, Isufu da Jarmakwai suka ce wa mutanensu su bi Usman, ya ci da kashi 54,42, Tanja ya tashi da 45,58. An rantsar da shi ranar 16 ga Afrilu, shi ya sa har yau ake kiransa Nafarko.

Wannan ƙuri'a ta yi daidai, kuma dalilin ba ya bukatar a zagi Tanja. Jam'iyyar da ya tsaya wa ita ce wadda aka gina da kuɗin baitulmali, da motocin gwamnati, da samariya, da sarakunan da ba su da ikon cewa a'a. Da ita ce ta ci zaɓen farko, da duk wani sufurefe da jandarma da mai gari sun ɗauki darasi guda: ana iya yin Babban Taro, a yi surutu wata uku, amma mulki yana komawa inda ya fito. Ƙuri'ar Canji ta koya wa ƙasa akasin haka, cewa manomin Matamai da mai sayar da albasa a Galmi suna iya sauke masu mulki da ɗan guntun takarda, ba tare da an zubar da jini ba. Tanja kansa ya cancanci yabo a nan, domin ya karɓi kaye bai kira kowa titi ba. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, sai ya dubi maƙwabta cikin wannan shekara: wata biyu bayan rantsar da Usman, Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni a Nijeriya, ƙasar ta faɗa hannun Abaca kafin shekara ta ƙare. Ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano sun ga bambancin da idonsu.

Mulkin da ƙuri'ar ta haifa bai tashi a tutar babu ba. A zamaninsa ne aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama hutun ƙasa. A zamaninsa ne kuma aka yi abin da ba a saba gani ba a wannan yanki: shugaban ƙasa ya kira zaɓen majalisa ranar 12 ga Janairu 1995, ɓangarensa ya faɗi, aka bayyana sakamakon yadda yake, abokan adawarsa suka karɓi gwamnati. Shugaban da ƙuri'a ta kawo ne kaɗai ke jin nauyin ƙuri'a haka.

To, ina aka yi ɓatan kai? Lissafin da ke sama shi ne ke nuna wurin. In an haɗa ƙuri'un Usman da na Isufu da na Jarmakwai a zagayen farko, ana samun kashi 57,75. A zagaye na biyu Usman ya samu 54,42. Wato kusan duk wanda aka ce wa ya bi, ya bi. Mutumin Illela da mutumin Doso sun ba ɗan Damagaram amanarsu domin jagoransu ya ce a ba shi. Amma abin da jama'a suka sani game da yarjejeniyar AFC bai wuce rabon kujeru uku ba: wanda ya kai zagaye na biyu ya ɗauki shugabancin ƙasa, Isufu ya zama faraminista, Jarmakwai ya shugabanci majalisar dokoki. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin MNSD. Mai ra'ayin gurguzu, da mai ra'ayin kasuwa, da tsohon jigon jam'iyya guda sun shiga jirgi ɗaya, ba su zauna sun daidaita a gaban jama'a a kan albashin da ake bin gwamnati bashi ba, ko a kan lanho da kuɗin duwan, ko a kan yadda za a yi da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, waɗanda Babban Taro ya yi fatali da shirinsu alhali baitulmali babu komi, farashin yuraniyom kuma ya daɗe da faɗuwa.

Da aka kafa gwamnati sai rabon ya sauka daga kujeru uku zuwa ɗaruruwa. Ministoci, da shugabannin jihohi, da sufurefe-sufurefe, da daraktocin kamfanonin gwamnati, har zuwa ƙananan muƙamai, duk aka shiga kasa su bisa launin jam'iyya. Jama'a da kansu suka raɗa wa zamanin suna, suka kira shi wasoso. Ma'aikacin da ya yi shekara 20 yana koyon aikinsa ya wayi gari an ɗora masa wani wanda gwanintarsa ita ce ɗaukar tuta a wurin taro. Ɗan kasuwar da ya zuba kuɗi a kamfe ya zo karɓar ladansa ta hanyar kwangila ko sassaucin duwan, wanda bai zuba ba kuwa ya biya nasa ya biya na wancan. Kuɗin shiga na gwamnati ya ragu a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Sai kuma duniya ta kawo nata. A watan Agusta na 1993 babban bankin BCEAO ya daina sayen takardun sefa da aka fitar waje da ƙasashen da ke amfani da shi, abin da ya girgiza ƴan canji da fatake tun daga Maraɗi da Birnin Ƙonni har Kano. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Hajar da ɗan kasuwa ke ɗaukowa daga tashar Kwatano a kan jika 50 ta koma jika 100 cikin dare ɗaya, magani da takarda da kayan gyaran mota suka bi sahu. Mai sayar da dabbobi da wake da albasa zuwa waje ya ɗan samu sauƙi, amma mushen lekwal da malamin asibiti, waɗanda albashinsu ke zuwa a makare in ma ya zo, sun ga kuɗin ya narke a hannunsu. USTN, wadda ta share wa Canji hanya, ita ce ta shiga yajin aiki na makonni a 1994. Ba Usman ne ya karya sefa ba, a Dakar aka yanke hukuncin a kan ƙasashe 14 gaba ɗaya. Amma gwamnatin da ta san abin da ya haɗa ta tana iya tsayawa ta yi wa jama'a bayani da murya ɗaya. Wadda rabo ne kaɗai ya haɗa ta, da guguwa ta taso kowa sai ya riƙe hularsa.

Haka kuwa aka yi, kuma kowane daga cikin manyan yana da kasonsa na laifi. Usman ne ya bari aka tsare Tanja da waɗansu ƴan adawa bayan zanga-zangar Afrilu 1994, shi ne kuma a watan Satumba ya sa hannu kan dokar da ta rage ikon faraministansa. Isufu ya yi murabus ranar 28 ga Satumba 1994, ya kwashi ƴan majalisarsa ya kai wa MNSD, jam'iyyar da wata 18 kafin nan ya ce wa magoya bayansa ita ce ciwon ƙasa, kuma bai koma ya tambaye su ba. Majalisa ta kada gwamnatin Sulei Abdullahi a watan Oktoba, Usman ya rusa majalisa, sabon zaɓe ya ba MNSD da PNDS da abokansu kujeru 43 cikin 83. Hama Amadu ya zama faraminista a Fabrairu 1995, Isufu ya hau kujerar majalisa. Tsarin mulkin 1992 bai fayyace iyakar shugaban ƙasa da ta faraminista ba idan ba jam'iyyarsu ɗaya ba, su kuwa ba su da niyyar yi wa juna uzuri. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, faraminista ya naɗa daraktoci ba da yardarsa ba, aka shekara ana jayayya a kan wa zai zauna a wace kujera, ma'aikata suna ƙirga watannin da ba a biya su ba.

Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya ce ya zo raba gardama, kuma gaskiya ne mutane da yawa sun yi ajiyar zuciya. Masu cewa zaɓe ne ciwo, ga maganin da aka gwada. Wata shida bai cika ba mai raba gardama ya tsaya takara da kansa. A zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996 aka rusa hukumar zaɓe ta CENI ana cikin ƙidaya, aka tsare sauran ƴan takara a gidajensu, aka ce ya ci da kashi 52 tun zagayen farko. Bashin albashi bai ƙare ba, yajin aiki bai tsaya ba, masu ba da agaji suka ja baya. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai. Rikicin Usman da Hama, duk muninsa, da takardu da kotu da jawabai aka yi shi. Na bayansa da gawa ya ƙare.

Abin takaici shi ne ƴan siyasa ba su sake salon ciniki ba bayan wannan darasi. A 1999 Usman ya zo na uku, ya mara wa Tanja baya a kan Isufu, ya samu shugabancin majalisa. A 2004 aka maimaita. A 2011 Hama Amadu ya zo na uku, ya mara wa Isufu baya, ya samu shugabancin majalisa. A 2013 suka ɓata, a 2016 Hama ya yi takara daga gidan kason Filinge. A zaɓen Disamba 2020 Seini Umaru ya zo na uku, ya mara wa Bazum Mohamed baya a kan Usman a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, ya samu shugabancin majalisa. Majalisar da aka kafa domin ta sa wa gwamnati ido ta zama tukuicin wanda ya kawo ƙuri'u. Cikin manyan nan babu biyun da ba su taɓa yin ƙawance ba, mai ƙuri'a kuwa kullum a rediyo yake jin inda aka kai shi.

Akwai masu cewa ai ƙawancen Tanja da Usman ya yi shekara goma, daga 1999 zuwa 2009, don haka cinikin kujera ba shi ne matsala ba. Gaskiya ne ya daɗe, kuma a lokacin ne albashi ya koma zuwa a ƙarshen wata. Amma ya daɗe ne domin tsarin mulkin 1999 ya gyara ramukan na 1992, kuma kowa yana tuna abin da ya faru a 1996. Ranar da Tanja ya nemi tazarce a 2009, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, babu wata rubutacciyar alkawari da jama'a za su ɗaga su ce ga abin da aka yi da su. Sai da Salu Jibo ya fito da tankoki ranar 18 ga Fabrairu 2010. Akwai kuma masu cewa Canji ƙuri'ar ɓangaranci ce, ta ƴan gabas. Ba a musun cewa ƙarfin CDS yana Damagaram da Maraɗi, kamar yadda na PNDS yake Tawa, na ANDP yake Doso. Sai dai kashi 26 ba ya naɗa shugaba. Dokar zagaye biyu ita ce ta tilasta wa ɗan Damagaram neman Ba'adare da Bazabarme, kuma wannan alheri ne ga ƙasa mai harsuna da yawa. Ƙawance dole ne a Nijar. Abin tambaya shi ne a kan me aka ƙulla shi, kuma a gaban wa.

An tsaida wa mulkin Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara 5 tun daga Maris 2025, wa'adin da takardar da ta kafa shi ta ce ana iya sake dubawa. Ko ba jima ko ba daɗe za a koma ga akwati, domin Saibu da Wanke da Salu Jibo duk a kan akwati suka ƙare. Ranar da aka buɗe kamfe, ƴan kasuwa da ma'aikata ne ke da abin da ɗan takara ke bukata: na farko suna da kuɗin mai da hayar motoci, na biyu su ne ke riƙe da rumfunan zaɓe, su ne kuma ake saurara a ƙauye. Suna da ikon gindaya sharaɗi. Duk ɗan takara ya faɗi tun kafin zagayen farko wanda zai bi in bai kai ba, da abin da suka daidaita a kai, a buga shi a jarida, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. A rubuta ranar biyan albashi, a rubuta abin da za a karɓa a duwan da wanda za a yafe da dalilinsa, a rubuta muƙaman da ba za a taɓa su da sunan jam'iyya ba, tun daga ma'ajin gwamnati har daraktan makarantar firamare. Shugabancin majalisa kuma a bar wa ƴan majalisa, a daina sayar da shi tsakanin zagaye biyu. Alhajin da ya ba da kuɗi bai nemi wannan takarda ba, ya sani ya sayi haja ne a cikin buhu. Ƙungiyar ƙwadagon da ta yi shiru lokacin kamfe kuwa, kada ta yi mamaki in ta samu kanta a titi bayan shekara guda, kamar yadda ta samu kanta a 1994.

Mutanen 1993 sun yi nasu: sun yi layi cikin zafin watan Maris, sun sauke jam'iyyar da ta gaji mulkin shekara 19 ba tare da an fasa ko tukunya ba. Waɗanda suka karɓi amanar ne suka raba ta kamar naman layya. Bai kamata a ɗora wa mai ƙuri'a laifin mai ciniki ba, balle a ce don an taɓa cutarsa a kasuwa sai a rufe kasuwar. Allah ya ba Nijar shugabannin da ke jin kunyar alkawari, ya ba talakawanta ƙarfin tambaya tun kafin su jefa ƙuri'a.